Bayanin Rabeh ɗan Fadlallah da Abin da Ya Bari

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Bayan haka, ku sani ya ku masu neman ilmi, wannan taƙaitaccen bayani ne na Rabeh, wanda ya ci Barno da bakin bindiga.

Asalinsa mutumin Sudan ne, daga wajen Hartum. Ya koyi yaƙi a hannun Zubairu Basha, mai fataucin bayi da hauren giwa a Baharul Gazal. Da aka karya Sulaimanu ɗan Zubairu a shekara ta 1879, sai Rabeh ya janye jama'arsa ya nufi yamma. Ya raba rundunarsa tuta-tuta, kowace tuta da shugabanta, yana hore su da harbi da tsayuwar sahu. Da wannan ya rinjayi sarakuna, domin mafi yawan dogaronsu ga doki ne da mashi.

Ya ci Bagarmi, sa'an nan ya shiga Barno a 1893, ya kori Shehu Hashimi, ya ƙone Kukawa. Shehu Kyari ya tashi ya yaƙe shi, aka kama shi aka kashe. Rabeh ya zauna Dikwa, ya gina gida mai ƙarfi, ya ɗora haraji mai nauyi, bai bar kamun bayi ba.

Ku dubi al'amarin Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello. Ya taimaki Rabeh bisa da'awar Mahadin Sudan, ya auri 'yarsa Hawwa. Amma da mulki ya samu sai amana ta ɓaci, aka kashe Hayatu a 1898.

Sa'an nan Faransawa suka zo ta hanya uku, suka gamu da shi a Kusuri ranar 22 ga Afrilu 1900, wadda ta yi daidai da Zulhajji 1317. Aka kashe Rabeh, shugabansu Lami shi ma ya mutu. Garin da suka kafa da sunan Lami shi ne Injamena a yau. Ɗansa Fadlallah ya faɗi a Gujba a 1901, sarauta ta koma gidan Shehu Laminu, amma a ƙarƙashin Turawa.

To ku lura. Jarumtarsa ba mai musunta, ya kuwa mutu yana yaƙar baƙi, kada a tauye masa wannan. Sai dai shekara bakwai ya yi a Barno, mutane na binsa don tsoro, ranar da ya faɗi talakawa ba su tashi tsare gidansa ba. Mai rubuta tarihi ya faɗi duka biyun, kada so ko ƙi su ja alƙalaminsa.

Allah ne Mafi sani.