Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Finafinan Tsofaffin Mawaƙa, 1999 Zuwa 2002

A wannan fitowa ina so in jawo hankalinmu ga wani ɓangare na tarihin silima wanda ba a cika tattauna shi a wajenmu ba. Idan aka ambaci finafinan ƙasashen waje, hankalin yawancinmu kan tafi ne ga na Indiya da na Amurka. Amma akwai wani nau'in fim da ba shi da ɗan wasa, inda ake ɗaukar mutane na gaske suna ba da labarin rayuwarsu da bakinsu. Daga 1999 zuwa 2002 an yi jerin irin waɗannan finafinai a kan mawaƙa da makaɗa, kuma abin lura shi ne akasarinsu a kan tsofaffi aka yi su, waɗanda zamani ya juya wa baya.

Labarin ya faro ne daga tsibirin Kyuba. Kafin juyin juya halin Fidel Castro na 1959, akwai wani kulob na baƙar fata a unguwar Buenavista ta birnin Habana, inda ake kiɗa da rawa, domin a lokacin manyan kulob-kulob da yawa ba sa karɓar baƙar fata. Bayan juyin juya halin aka rufe shi. A 1962 kuma Amurka ta ƙaƙaba wa Kyuba cikakken takunkumin ciniki, wanda ya raba mawaƙan tsibirin da babbar kasuwarsu. Sannu a hankali matasa suka koma ga sababbin kaɗe-kaɗe, tsofaffin kuwa kowa ya kama abin da zai rufa masa asiri.

A watan Maris na 1996 wani Bature ɗan Ingila mai suna Nick Gold, shugaban kamfanin faifai na World Circuit da ke Landan, ya shirya haɗa makaɗan Kyuba da na Mali a faifai guda. Wannan tunani yana da tushe. Kiɗan Kyuba yana da jijiya a Afirka ta hanyar bayin da aka kai can, sa'an nan daga baya ya dawo ta faifan garmaho ya mamaye Senegal da Gini da Mali, har gwamnatin Mali ta tura matasa Kyuba koyon kiɗa a 1964, cikinsu da Boncana Maïga. Gold ya gayyato Ry Cooder, makaɗin jita ɗan Amurka, wanda ya riga ya yi faifai da Ali Farka Touré na Mali a 1994. To amma matsalar fasfo da biza ta hana makaɗan Mali isa Habana. Ga ɗakin ɗaukar sauti an kama, ga baƙi ba su zo ba.

Masu iya magana sun ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Sai aka shawarta a yi aikin da 'yan gida kaɗai, kuma wani makaɗi mai suna Juan de Marcos González shi ya san inda tsofaffin suke. Compay Segundo yana da shekara 88, kuma ya daɗe yana aikin naɗin taba. Rubén González, gwanin fiyano, yana da shekara 76, ba shi ma da fiyano a gidansa. Ibrahim Ferrer, mai shekara 69, ya bar waƙa yana goge takalma don ya ƙara a kan ɗan fanshonsa. Cikin kwana shida suka gama faifan, aka raɗa masa sunan tsohon kulob ɗin nan, wato Buena Vista Social Club. Ya fito a 1997, ya ci lambar Grammy a 1998, aka kuma sayar da miliyoyin kwafinsa.

A 1998 ne Wim Wenders, mashahurin mai shirya fim ɗan Jamus, ya bi Cooder zuwa Habana da kyamara. Ya shiga gidajen tsofaffin nan, ya bar kowa ya faɗi sunansa da garinsu da yadda ya fara kiɗa. Ya kuma ɗauki wasan da suka yi a Amsterdam ta ƙasar Holan a watan Afrilu, da wanda suka yi a zauren Carnegie na birnin Niyok ranar 1 ga Yuli. Fim ɗin ya fito a 1999, ya kuma shiga takarar lambar Oscar a 2000. Siyasa dai ba ta ƙyale su ba. An ci tarar Cooder dala 25,000 saboda keta dokar takunkumi, kuma a 2004 Amurka ta hana Ferrer bizar halartar bikin Grammy, alhali ya ci lamba a bikin.

Nasarar wannan fim ta nuna wa masu zuba kuɗi cewa jama'a za su biya su kalli tsofaffin makaɗa. Bugu da ƙari, kyamarar bidiyo ta zamani ta sauƙaƙa aikin, domin mutum biyu ko uku za su iya shiga ɗakin tsoho su ɗauke shi na tsawon sa'o'i ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. A 2001 Jacques Sarasin ya fitar da Je chanterai pour toi a kan Boubacar Traoré na Mali, wanda muryarsa ta cika rediyon ƙasar bayan samun 'yanci a 1960, amma ya ɓace daga rediyo bayan hamɓarar da Modibo Keita a 1968. Da matarsa ta rasu sai ya tafi Faransa yana aikin gini don ya ciyar da 'ya'yansa.

A 2002 aka sami wasu guda biyu. Na farko shi ne Standing in the Shadows of Motown, a kan makaɗan da ake kira Funk Brothers, waɗanda suka yi wa taurarin kamfanin Motown na birnin Detroit kiɗa daga 1959 zuwa 1972. Duniya ta san Stevie Wonder da Marvin Gaye, amma shekara da shekaru ba a ko buga sunayen makaɗan a jikin faifai ba. Na biyu shi ne Amandla! na Lee Hirsch, a kan rawar da waƙa ta taka wajen yaƙi da wariyar launin fata a Afirka ta Kudu. A ciki Miriam Makeba da Hugh Masekela da Abdullah Ibrahim sun ba da shaida, an kuma tuna da Vuyisile Mini, mawaƙi ɗan ƙwadago da gwamnatin wariya ta rataye a 1964.

Ya kamata a faɗi cewa finafinan ba su tsira daga suka ba. Masana sun nuna cewa labarin mantuwa ya yi gishiri, domin Omara Portuondo, mace tilo a faifan Buena Vista, ba ta taɓa barin waƙa ba, shi ma Compay Segundo yana wasa a Sifen tun kafin 1996. An kuma ce fim ɗin ya nuna wa Turawa Kyubar da suke marmari, ta tsofaffin motoci da tsofaffin gine-gine, ya kau da kai daga kiɗan matasa. Wannan suka tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ba ta rage darajar abin da aka adana ba. Compay Segundo da Rubén González sun rasu a 2003, Ferrer a 2005, Makeba a 2008. Biyu daga cikin Funk Brothers sun rasu a shekarar da fim ɗinsu ya fito. Da an jinkirta shekara goma, da yawancin shaidun nan sun tafi da labarinsu. Shi kuwa haɗin Mali da Kyuba da ya sukurkuce a 1996, sai a 2010 ya fito da sunan AfroCubism.

'Yan'uwa, a watan Yuni na 1999, watan da aka fara nuna fim ɗin Wenders a silimomin Amurka, a watan ne Allah ya yi wa Alhaji Mamman Shata rasuwa. Barmani Choge ta bi shi a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015. Waƙoƙinsu suna nan a kaset da taskokin gidajen rediyo, amma mu tambayi kanmu, mu nawa ne za mu iya ambatar sunan mai kalangu ko ɗan amshi guda ɗaya da ya tsaya a bayansu? Har yanzu akwai tsofaffin masu kotso da taushi da algaita da kukuma a garuruwanmu, kuma wayar da ke aljihun kowannenmu ta isa ta ɗauki hoto da murya. Duk wanda ya je gida hutun salla, ya nemi ɗaya daga cikinsu ya zauna da shi, ya tambaye shi wa ya koya masa, wa ya yi wa kiɗa, a wace shekara, sa'an nan ya adana abin da ya ɗauka.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ƙara wa malamanmu lafiya da nisan kwana, amin.