Ɗaliban da Suka Auna Mota da Hannu

A Jami'ar Utah, cikin birnin Salt Lake City na Amurka, aka binne cibiyar sana'ar katun na kwamfuta. David Evans ne ya kafa sashen ilimin kwamfuta a wurin a 1965, sai Ivan Sutherland ya zo ya same shi a 1968. Kuɗin binciken daga ARPA suke fitowa, wata hukuma ta ma'aikatar tsaron Amurka, kuma ba ta tsaya a kansu tana cewa sai sun kawo kaza ranar kaza ba. Malaman biyu su ma haka suka yi wa ɗalibansu: ga na'ura, ga matsala, ku je ku haɗa kai.

Matsalar kuwa babba ce. Kwamfuta ba ta san siffar komai ba sai an faɗa mata da lambobi, ɗigo bayan ɗigo, kowane ɗigo da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa. A 1972 Sutherland ya ba ajinsa aikin shigar da wani abu na zahiri cikin na'ura. Shawara ta tsaya a kan Volkswagen Beetle, ƙaramar motar nan mai ƙusumbi wadda daga baya aka riƙa harhaɗa irinta a Legas. Ta matar malamin aka ara. Ɗaliban suka zazzana ɗigo da layuka a jikinta, suka bi su da sandar awo suna rubuta lambobi a takarda. Sun raba aikin gwargwadon halitta: dogaye suka ɗauki sama, gajeru suka durƙusa ƙasa. Rabin motar kawai suka auna, tunda hagu da dama ɗaya ne, na'ura za ta iya juya ɗayan ɓangaren. Cikin masu riƙe sandar awon nan akwai Jim Clark, wanda ya zo ya kafa Silicon Graphics da Netscape, da kuma Bui Tuong Phong, ɗan Biyetnam.

Ina son wannan labari ƙwarai, kuma nakan ba ɗalibaina shi duk lokacin da suka zauna tsara gajeren fim suka ɓata zaman farko kan gardamar wace manhaja za a yi amfani da ita. Waɗancan ba su da manhajar da za su yi gardama a kanta. Abin da suka fara daidaitawa shi ne wa zai yi me, da yadda aikin wannan zai haɗu da na wancan ba tare da giɓi ba.

A 1972 ɗin ne kuma Ed Catmull, wani ɗalibin sashen, ya yi fim ɗin hannu. Tun yana yaro burinsa ya zama mai zane a kamfanin Disney, amma ya ga zanensa bai kai ba, sai ya koma kimiyyar lissafi da kwamfuta. Ya zuba filasta ya fitar da siffar hannunsa na hagu, kuma da yake bai shafa mai ba kafin ya zuba, gashin bayan hannun ya tafi tare da filastar. A jikin wannan hannun na filasta ya zana ƙananan siffofi 350, alwatika da masu kusurwa da yawa, da baƙin tawada. Ya auna kowace kusurwa ya shigar, sannan ya rubuta umarnin da zai sa yatsun su motsa. A allo sai ga hannu yana juyawa, yana dunƙulewa, yana buɗewa, yana nuna ɗan yatsa. Abokin karatunsa Fred Parke, wanda suka yi fim ɗin tare, shi fuska ya sa a gaba, ya yi amfani da ta matarsa, har ta kai fuskar tana motsa baki. Mu tuna cewa fim yana cin hoto 24 a kowace daƙiƙa, kuma kowane hoto sai na'ura ta lissafa shi daga farko.

Babu wanda ya ɗauki kayan shi kaɗai. Henri Gouraud, Bafaranshe, ya samo a 1971 yadda za a shafe tsakanin siffofin nan don kada fata ta fito kamar an yayyanka ta. Phong ya ƙara da lissafin ƙyallin haske a jikin abu mai santsi. Ya kammala digirinsa na digirgir a 1973, ya rasu a 1975 yana matashi, amma har yau masu wannan aiki suna kiran dabarar da sunansa. Martin Newell, ɗan Ingila, ya auna butar shayin gidansa a 1975, ta zama abin da kowa ke gwada sabuwar dabara a kai. A ganina kuskure ne a riƙa ba da tarihin nan da sunan gwarzo ɗaya. Abin da ɗaya ya gano a wannan zango, na kusa da shi ke ɗauka ya ɗora nasa a zango na gaba, kuma ba wanda ya kulle nasa a akwati.

Hannun Catmull ya shiga sinima a 1976, cikin fim ɗin Futureworld, inda ya bayyana a allon wata na'ura. A 2011 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin jerin finafinan da ƙasar ke adanawa. Shi kuwa Catmull ya gama karatunsa a 1974, ya tafi wata cibiyar fasaha a New York, daga nan zuwa kamfanin George Lucas a 1979. Sashen da yake jagoranta Steve Jobs ya saya a 1986 ya zama Pixar. Da gajerun finafinai suka ci gaba da koyo, irin su Luxo Jr. na 1986 da Tin Toy na 1988 wanda ya ci kyautar Oscar, kafin Toy Story ya fito a 1995, dogon fim na farko da aka yi kacokan da kwamfuta.

Catmull da kansa ya sha faɗin cewa zaman Utah yake ƙoƙarin maimaitawa a Pixar. Shi ya sa aka kafa al'adar daraktoci da marubuta su taru lokaci zuwa lokaci, a haska musu fim tun yana zane-zanen fensir, kowa ya faɗi inda labarin ya yi rauni. Masu zaman ba su da ikon ba da umarni. Daraktan ne zai koma ya zaɓi yadda zai gyara.