Daga Motar Kara Zuwa Dinky: Tarihin Ƙananan Motoci a Garuruwan da Muka Sauka

Ranar 4 ga Mayun 1904, a otal ɗin Midland da ke tsakiyar Manchesta, Charles Rolls mai sayar da motoci ya haɗu da injiniya Henry Royce, wanda ya ƙera motarsa ta farko a wani ɗan wurin aiki a titin Cooke, unguwar Hulme, dab da Moss Side. Daga wannan zama aka samu Rolls-Royce, irin wadda muke ganin Sarkin Kano a ciki. A 1905 kuma Herbert Austin ya buɗe masana'antarsa a Longbridge, kudancin Bamingam. Ford ya biyo baya a 1911 da masana'antar Trafford Park. Wato dai garuruwan nan biyu da yawancinmu muka yada zango a cikinsu, gidajen mota ne tun asali.

Yau fa? Rolls-Royce ta koma Derby tun 1908, Ford ya tattara zuwa Dagenham a 1931, kamfanin MG Rover na Longbridge kuma ya durƙushe a 2005, mutum wajen 6,000 suka rasa abin yi. Filin ya zama gidaje da kantuna. Motocin da aka ƙera a can, yawancinsu tsatsa ta cinye. Inda za ka fi saurin ganinsu yanzu shi ne kan kantar wani dattijo, kowace ba ta wuce tafin hannu ba.

Tarihin waɗannan ƙanana ya faro ne daga Libaful. Frank Hornby, wani akawu, ya yi rajistar wasan Meccano a 1901, wato 'yan ƙarafa masu huda da yaro zai ɗaure da noti ya gina abin da ya ga dama. Daga baya kamfaninsa da ke titin Binns ya shiga yin jiragen ƙasa na wasa, sai aka ga tashar jirgi ba ta kyau babu motoci a gefe. Haka aka fara zuba ƙananan motoci, har aka raɗa musu suna Dinky a 1934, kuma motocin tsere na cikin na farko-farko. Daga nan ne ma ma'aunin 1:43 ya samu gindin zama, don ya dace da girman jiragen. Ma'anarsa, a raba tsawon motar gaske gida 43, a ɗauki ɗaya. Jaguar E-Type ta 1961, mai tsawon kusan mita huɗu da rabi, sai ta dawo kimanin santimita 10.

Bamingam ma ba a bar ta a baya ba. Wanda ya taɓa saya wa yara kayan wasa a Argos ya san sunan Chad Valley. Kada wani ya ɗauka Tafkin Chadi ake nufi! Wani ɗan rafi ne mai suna Chad a unguwar Harborne, inda kamfanin iyalan Johnson ya koma a 1897. A 1938 suka zama masu yi wa gidan sarautar Ingila kayan wasa, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun yi taraktoci da motoci masu wani, waɗanda ake murɗa wa makulli su ruga.

Shekarun 1950 ne kasuwar ta cika ta batse. Matchbox ta fito a Landan a 1953, kowace mota cikin kwali kamar na ashana. Corgi ta fito daga Swansea a 1956, ta yi wa Dinky fintinkau da abu guda ƙarami: tagogi na roba mai garai-garai, alhali na Dinky ramuka ne kawai. A 1965 Corgi ta fitar da Aston Martin DB5 ta James Bond, mai kujerar da ke cilla mutum sama, aka sayar da miliyoyi. A gefe guda Airfix, wadda ta fara da taraktar Ferguson a 1949, ta kawo wani salo dabam: ba a ba ka mota, sai dai a ba ka gutsattsarin roba, kai ka haɗa abinka.

Abin da ya ci Doma bai bar Awe ba. Hot Wheels ta Amurka ta shigo a 1968 da tayoyi masu gudun tsiya, ga kuma arhar aiki a Asiya. Chad Valley ta rufe Harborne a 1972, masana'antar titin Binns ta rufe a 1979, Airfix ta karye a 1981, kamfanin Matchbox a 1982, mai Corgi a 1983. Sunayen suna nan a hannun wasu, amma yawancin aikin ya bar ƙasar. Ƙananan sun bi sawun manyan.

Sai dai sha'awar ba ta mutu ba, hannu kawai ta sauya. Yaran da suka yi wasa da Dinky sun girma, abin ya tashi daga wasan yara ya koma aikin natsuwa na manya. Ƙungiyar IPMS ta masu wannan sha'awa, wadda aka kafa a Ingila a 1963, tana taronta duk watan Nuwamba a Telford, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga Bamingam.

Ga yadda aikin yake, ga wanda bai taɓa gani ba. Masu haɗa motar tsere sun fi son ma'aunin 1:24, inda E-Type ɗin nan za ta kai kimanin santimita 18, don a samu wurin sa hannu. Za ka yanko kowane ɓangare daga jikin firam, ka goge bakinsa da samfefa mai laushi. Gam ɗin ba liƙi yake yi ba, narkar da robar yake su zama abu ɗaya, shi ya sa ɗigo guda a kan gilashi ya isa ya ɓata aikin mako. Sai fentin share fage, sannan ainihin launi, a fesa sama-sama sau uku ko huɗu, ana bari yana bushewa. Lambobi da tambari a ruwa ake jiƙa su, a zame su a hankali su kwanta. Gwanaye ba sa tsayawa nan. Za su huda inji su zura siririyar waya a madadin wayoyin fulogi, su yanka ƙyalle su yi bel ɗin kujera, su nemo tsohon hoto don su tabbatar da launin dashbod na shekarar. Mai gaggawa ba ya gama mota ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa.

To jama'a, wannan aiki baƙo ne a wurinmu? Ko kusa. Duk wanda ya tashi a Kano ko Katsina ko Maraɗi ya san abin da yara ke yi da kaka in an gama girbin dawa. A ɓare kara, a yanka totuwar gunduwa-gunduwa, a soke ta da tsinken ɓawon, a fitar da bodi. Taya kuwa sakaina ce ko tsohon silifa ko murfin kwalba. 'Yan birni suna da motar langa-langa da ta gwangwanin madara da ta waya, har da doguwar sitiyari da ake tuƙawa a tsaye. Kuma ba kowace mota ake yi ba, akwai kwaikwayo na gaske. Yaro zai ce maka tasa Landiroba ce, ta wane kuma Peugeot 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975. In ya kuskure siffar fitila, 'yan uwansa za su yi masa dariya. Yaron Manchesta an ba shi kwali da takardar bayani. Namu ido kawai gare shi da reza.

Bambancin shi ne, Bature ya adana nasa. Dinky ta kafin yaƙi, in tana cikin kwalinta, gwanjonta ake yi da kuɗi masu kauri, an rubuta littattafai kan lambar kowace ɗaya. Motar kara kuwa damina ɗaya ke gamawa da ita, gara ta ƙarasa saura. Ba ta da gidan ajiya sai kawunanmu, mu da muka yi ta. Yaran da muka haifa a Cheetham Hill ko Handsworth ba su taɓa riƙe karan dawa ba, na gida ma robobin Sin da wayar hannu sun fara ɗauke musu hankali.

Kuma ba ƙaramin abu ake asara ba. Har gobe kamfanonin mota sai sun sassaƙa siffar sabuwar mota da yumɓu kafin a taɓa ƙarfe. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya yi karatun zanen mota a Detroit, shi ya zana siffar farko ta Chevrolet Volt a General Motors, daga baya a 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar ƙera motoci ta Najeriya. Ido mai auna siffa da hannu mai haƙuri, su ne jarin wannan sana'a, kuma a wasa ake fara samunsu.

Lokacin hunturu a nan, ƙarfe huɗu duhu ya yi, yara ba su da wurin zuwa. Ku kai su Thinktank a Bamingam su ga Railton, motar da John Cobb ya kafa tarihin gudun mil 394 a awa da ita a 1947. Ku sayo kwalin haɗi guda ɗaya, ku zauna tare a teburin kicin. In an gama, baba ya nemo waya da gwangwani da tsohon silifa, ya nuna musu irin ta garinsu. A jera su biyun kan kanta ɗaya, a bar yaran su faɗi wadda ta fi wuyar yi.