Ɗan Ibro da Gadon 'Yan Kama

Masu iya magana sun ce da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya. Idan kuwa haka ne, to akwai wani ɓangare na tarihin adabinmu da mu marubuta muka daɗe muna kawar da kai daga gare shi, wato tarihin masu ba da dariya. Mukan cika shafuka da sharhin waƙoƙi da ƙagaggun labarai, amma da zarar an ambaci marigayi Rabilu Musa Ɗanlasan, wanda duniya ta fi sani da Ɗan Ibro, sai mu yi murmushi mu ce ai wannan ɗan camama ne, mu wuce. Nufina a wannan ɗan rubutu shi ne in nuna wa mai karatu cewa sana'ar Ibro tana da asali, kuma saiwarta tana nan binne a cikin al'adar Bahaushe tun kafin a san kaset ko talabijin.

Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na wajen Madobi da Kura da Bunkure zai tuna 'yan kama. Sukan ɓullo ranar kasuwa ko wajen biki, musamman da kaka idan kuɗi ya shigo hannun manoma. Jarinsu shi ne kwaikwayo. Ɗan kama zai ɗauki waƙar wani shahararren makaɗi, ya bar muryarta yadda take, sa'an nan ya zubar da kalmominta ya cika gurbinsu da tuwo da miya da nama. Wani lokaci ya gyara zama kamar malami a wajen karatu, yana jan baƙi yana fassara, alhali duk zancen loma ne, 'yan amshinsa suna gaskata shi. Wani Bature mai suna C.G.B. Gidley ya yi nazarin wannan sana'a ya buga tun 1967. Haka kuma muna da wawan sarki, wanda aka yarje wa ya faɗi abin da bafade ba ya iya faɗi. Muna da tashe a watan azumi, inda yara ke shiga rigar tsoho ko ta boka, ga kuma kalankuwa, inda samari ke naɗa nasu sarki da alkali suna kwaikwayon hukuma. Duk manufarsu guda ce: a ɗauko babba a sauko da shi ƙasa na ɗan lokaci, jama'a su dube shi su yi dariya.

Da rediyo da talabijin suka zo, sai wannan gado ya sami sabon dandali. Usman Baba Pategi, wanda shi kansa tsohon soja ne, ya fito a matsayin Samanja Mazan Fama daga Kaduna, yana kwaikwayon rayuwar bariki da gurɓatacciyar Hausarta a zamanin da sojoji ke mulkin ƙasa. Kasimu Yero da Karkuzu na Bodara su ma sun yi nasu zamanin. Sai dai waɗannan duk a gidajen watsa labarai na gwamnati suka yi aiki, saboda haka barkwancinsu yana da linzami.

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka shi ne farkon finafinan Hausa na kaset. Daga nan kasuwa ta zama ita ce alkali. A wannan fage ne Rabilu Musa, haifaffen Ɗanlasan ta ƙaramar hukumar Warawa a 1971, ya sami kansa bayan ya yi aikin gandiroba na wasu shekaru. Masu sana'ar sun raba finafinai gida biyu. Akwai na soyayya da waƙa irin ta Indiya, waɗanda ake shiryawa a manyan gidaje da motoci masu tsada. Akwai kuma camama, masu araha, da ake ɗauka a ƙauye cikin 'yan kwanaki. Ibro ya zama sarkin gida na biyu.

Salonsa ba ya ɓuya. Da jar hularsa a ka, ga zare ido, ga magana kamar ana zuba tsakuwa a kwano, sai ka ga ya fusata a kan abin da bai kai ya kawo ba, yana tsalle yana rantsuwa, can kuma da abokin faɗa ya taso sai ya zama shi ne farkon mai gudu. Mutumin da yake fitowa a matsayinsa kusan kullum ɗaya ne: talakan ƙauye mai kwaɗayi da cika baki, wanda ke ganin ya fi kowa wayo, kuma wayon nasa ke kayar da shi.

Inda ya gaji 'yan kama sosai shi ne wajen ɗaukar sunayen da suka cika duniya. Lokacin da kiɗan Awilo Longomba, mawaƙin nan na Kwango, ya mamaye Nijeriya, sai ga Ibro Awilo. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka, a daidai lokacin da ake sayar da hotunan Usama bin Laden a titunan Kano har ana raɗa wa jarirai sunansa, sai ga Ibro Usama a 2002. Da rikicin Iraƙi ya taso, Ibro Saddam ya biyo baya. Dubi yadda ake gina waɗannan sunaye: Ibro ne a gaba, mashahurin yana biye. Kamar yadda ɗan kama ke riƙe muryar waƙa ya sauya kalmominta, haka Ibro ke ɗaukar rawani ko gemu ko rawar wani, amma wanda ke cikin rigar shi ne dai matsoracin nan mai kwaɗayi da muka sani. Ta haka manomin tumatir na Kadawa, wanda sai dai ya ji waɗannan sunaye a sashen Hausa na BBC, ya ga an kawo masa su har ƙofar gida, ya auna su da mudun garinsu.

Amma wawan sarki yana da sarkin da ke kare shi, Ibro kuwa ba shi da kowa sai masu sayen kaset. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci, kuma daga 2007, a ƙarƙashin Malam Abubakar Rabo Abdulkarim, ta tsananta matakanta. A watan Oktoba na 2008 kotun tafi-da-gidanka ta yanke wa Ibro da abokin aikinsa Lawal Kaura ɗaurin wata biyu, a kan zargin da ya shafi rawar da ke cikin Ibro Aloko da kuma rashin bin ƙa'idar hukumar. Wato tsohon gandiroba ya koma gidan yari a matsayin fursuna. Jama'a sun rabu a kan hukuncin, wasu na cewa an kare tarbiyya, wasu na ganin an dai nuna ƙarfi a kan mai ba talaka dariya.

A matsayina na malamin makaranta, ba zan ce duk abin da ya yi abin koyi ba ne. Na sha tsawata wa ɗalibai a aji saboda kwaikwayon ashariya da rashin kunyar da suka gani a camama. Kuma gaggawar kasuwa ta sa da yawa daga cikin finafinansa ba su da ƙashin labari. Duk da haka, na lura cewa yaron da ba ya iya tsayawa gaban aji ya karanta jimla biyu, idan aka ce ya yi Ibro sai bakinsa ya buɗe, karin magana da habaici su riƙa zubowa. Wannan Hausa ce mai rai, kuma ba a littafin aji ya same ta ba.

Allah Ya yi wa Rabilu Musa rasuwa ranar 10 ga Disamba 2014, aka kai shi makwancinsa a Ɗanlasan. Kaset-kaset ɗin da suka ɗauki ayyukansa na farko suna ruɓewa a shaguna da ɗakunan ajiya, kamar yadda barkwancin 'yan kama da yawa ya tafi tare da masu shi domin ba a rubuta ba. Ina kira ga 'yan'uwa marubuta da manazarta a jami'o'inmu da su tattara waɗannan finafinai, su rubuta maganganunsu, su kuma zauna da abokan wasansa da suka rage tun suna raye. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa kurakuransa, amin.