Edward Murrow da Amanar Shaida

A zamanin da rediyo ke da ƙuruciya a ƙasar Amurka, galibin mai karanta labari bai wuce mai naƙalto abin da wasu suka riga suka rubuta ba, har aka sami Edward Murrow, haifaffen 1908, wanda kamfanin CBS ya ɗauka a 1935, ya aika shi Landan a 1937, shi kuwa ya mai da sana'ar ta zama ta mai shaida, wanda ba ya faɗi sai abin da ya halarta.

Sa'ad da jiragen Jamus suka tasar wa Landan da bama-bamai a 1940, kan rufin bene yakan tsaya da dare, yana magana cikin natsuwa, jiniya da bindigogi na kuka a bayansa, har wanda ke zaune a ɗakinsa can hayin teku ya ji tamkar a unguwarsu gobarar take. Haka kuma a Afrilun 1945 ya shiga sansanin gwale-gwale na Jamus da ke Buchenwald, ya siffanta gawarwaki da masu sauran numfashi, bai ƙara ba, bai sassauta ba.

Amma gani ya kori ji. Da talabijin ya bayyana, shi da abokin aikinsa Fred Friendly suka kafa shirin See It Now a 1951, kuma ranar 9 ga Maris 1954 suka tunkari Sanata Joseph McCarthy, wanda ya daɗe yana jifan bayin Allah da tuhumar kwaminisanci ba da hujja ba. Hikimarsu kuwa ita ce jera hotunan jawabansa, suka bar harshensa ya zama hujja a kansa. Kafin shekarar ta fita, majalisar dattawa ta la'anci halinsa.

A 1960 Murrow ya gabatar da fim ɗin Harvest of Shame kan ƙuncin leburorin gona 'yan ci-rani, aka nuna shi washegarin bikin godiya na Amurkawa, jama'a na ƙoshe da abin da waɗannan miskinai suka girbe. Sai dai da Shugaba Kennedy ya naɗa shi shugaban hukumar watsa labarun Amurka a 1961, shi da kansa ya roƙi BBC kada ta nuna fim ɗin. Ta ƙi, ya yi nadama. Ashe riƙon amana ƙarƙashin ruwan bama-bamai ya fi sauƙi a kan riƙonta bisa kujerar mulki. Ya rasu a 1965.