Ɗumi da Numfashi: Tarihin Kwana a Mota Lokacin Sanyi

Tun kafin a ƙera mota, akwai mutanen da gidansu ke bisa ƙafafun tafiya. A Ingila ta ƙarni na 19, al'ummar Romani sun zauna a kekunan katako da dawakai ke ja. A cikin keken akan kafa murhun ƙarfe mai bututu da ya huda rufi, zafi ya tsaya a ɗaki, hayaƙi ya fice. Duk abin da aka ƙirƙiro daga baya bisa wannan ƙa'ida ya ginu: a raba iskar da wuta ke ci da wadda mutum ke shaƙa.

Likitoci ne suka fayyace dalilin. Wutar da ba ta sami wadatacciyar iska ba tana fitar da kabon monoksaid, guba marar launi marar wari, wadda ke kama jini da ƙarfin da ya ninka na iskar oksijin fiye da sau 200. A 1896, bayan fashewar mahaƙar kwal ta Tylorstown a yankin Wales, likita John Scott Haldane ya gano cewa wannan guba ce ta kashe akasarin mamatan. Shi ya ba da shawarar shiga rami da ƙananan halittu, masu jigata kafin mutum ya ji komai. Kanari ya yi wannan gadi a mahaƙan Birtaniya har 1986.

Kamfanonin Jamus irin su Webasto da Eberspächer sun mayar da tsohon bututu zuwa na'ura: man dizal na ci a rufaffen akwati, iska ta shigo daga waje, hayaƙi ya koma waje, ɗumi kaɗai ke isa ga mai barci.

Sai dai na'ura kuɗi ce. Bayan durƙushewar tattalin arzikin 2008, Amurkawa da dama, ciki har da tsofaffi, sun koma zama a motocin kaya masu rufi, kamar yadda Jessica Bruder ta bayyana a littafinta Nomadland na 2017. Masu hali sukan gudu kudu zuwa hamadar Arizona da hunturu. Wanda aiki ya ɗaure a garin ƙanƙara yakan dogara da hitar gas marar bututu, wadda ke cin iskar motar, ta kuma jiƙa bango da raɓa.

Dokokin da suka koya ba su da yawa: a bar taga a ɗan buɗe, a kashe irin wannan hita kafin barci, kada a kwana inji na aiki, a tara barguna da hular ulu, a rataya na'urar gargaɗi, magajiyar kanari. Ciwon kai, jiri da tashin zuciya alamu ne na a fita nan take. Gubar da suke tsoro ita ce dai wadda ke fita daga kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin jaura, ko daga janaretan da aka shigar cikin gida da dare.