Alƙaluman Hukumar NBS: Yadda Ake Fitar Da Su Da Yadda Ya Kamata A Fahimce Su

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ita ce doka ta ɗora wa alhakin tattarawa da fitar da alƙaluman gwamnatin Najeriya a hukumance. Dokar Ƙididdiga ta 2007 ce ta tanadi ayyukanta, kuma hedikwatarta tana Abuja.

A tsakiyar kowane wata hukumar kan fitar da rahoton hauhawar farashin kayayyaki, sannan duk bayan wata uku ta bayyana yadda tattalin arziki ya bunƙasa ko ya ja baya. Babban Bankin Najeriya yana duba waɗannan alƙaluma kafin ya tsayar da kuɗin ruwa, haka ma masu tsara kasafin kuɗi da ƙungiyoyin ƙwadago a lokacin ciniki kan albashi.

Ruɗani ya fi aukuwa ne idan aka sauya ma'auni. A watan Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin 100. Da aka fitar da rahoton Janairun 2025, sai aka ga kashi 24.48. Farashin masara da shinkafa bai karye cikin wata guda ba. Hukumar ce ta sabunta ma'auninta: ta ɗauki shekarar 2024 a matsayin tushe maimakon 2009, ta kuma faɗaɗa jerin kayayyakin da take bin farashinsu daga 740 zuwa 934. Saboda haka ba a gwada alƙaluman biyu kai tsaye.

Ko da ma'aunin bai sauya ba, raguwar hauhawar farashi tana nufin kaya na ci gaba da tsada, illa dai saurin tashin ne ya ragu.

Haka aka yi da rashin aikin yi. A ƙarshen 2020 an ce ya kai kashi 33.3, amma rahoton watanni ukun farko na 2023 ya nuna kashi 4.1. A tsohon tsari, wanda bai yi aikin sa'o'i 20 a mako ba ana lissafa shi cikin marasa aiki. A sabon tsari, wanda ya bi ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, aikin sa'a ɗaya a mako domin samun kuɗi ya isa a ce mutum yana da aiki.

A 2014 ma, da aka mayar da shekarar tushe daga 1990 zuwa 2010, an ƙiyasta girman tattalin arzikin ƙasar a kan kimanin dala biliyan 510, ya zarce na Afirka ta Kudu, alhali aljihun talaka bai ƙaru da ko kwabo ba.

Ƙa'idojin ƙididdigar hukuma da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2014 sun wajabta wa irin waɗannan hukumomi bayyana hanyoyin da suka bi, tare da ba kowa damar samun alƙaluma ba tare da fifiko ba. Sun kuma ba su haƙƙin yin magana idan aka karkatar da ma'anar alƙaluma.

Don haka, duk mai karanta irin wannan rahoto, ɗan jarida ne ko ɗan majalisa, ya kamata ya fara duba abubuwa uku: wane lokaci alƙaluman suka shafa, da me aka gwada su, kuma ko ma'aunin ya sauya tun bayan rahoton baya.